Me Ya Sa Mota Ba Ta Tsayawa Nan Take Idan An Taka Birki?

 Kullum idan aka tashi daga makaranta za ka ga wasu cikinmu sun tsallaka titi a guje, suna cewa ai direba ya hango su, zai taka birki. Gaskiya ne zai taka. Abin tambaya shi ne, daga sanda ya hango ka zuwa sanda motar za ta tsaya cak, mita nawa za ta ci? Amsar tana cikin darasin Fiziks da muke yi a aji.

Tazarar tsayawa kashi biyu ce

Kashi na farko shi ne tazarar tunani. Ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane akwai haɗari, sannan ƙafa ta bar totur ta koma kan birki. Wannan yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya ga direban da hankalinsa ke kan hanya. A cikin wannan daƙiƙar gudun motar bai ragu ko kaɗan ba. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai gudun 100 kuwa kusan mita 28. Idan direba yana duba waya ko yana gyangyaɗi, daƙiƙa ɗaya sai ta koma biyu ko uku.

Kashi na biyu shi ne tazarar birki, wato tafiyar da mota ke yi daga sanda birki ya kama har ta tsaya. Idan aka haɗa su biyun, shi ne tazarar tsayawa.

Ina gudun yake tafiya?

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da makamashin motsi, kuma makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Idan aka taka birki, takalmin birki yana matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayyar da ke tsakaninsu ta mayar da makamashin motsi ya zama zafi. Murza tafin hannayenka da ƙarfi, za ka ji irin abin da ake nufi. Shi ya sa tirela mai kaya idan tana gangara doguwar gangare irin ta Hawan Kibo, birkinta kan yi zafi har ya rage kamawa, sai direbobi su sa ƙaramin giya don inji ya taya birki aiki.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne: makamashin motsi yana tafiya ne da gudu sau gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, makamashin ya ninku sau huɗu, haka ma tazarar birki. Mu ɗauka kwalta a bushe take, taya da birki kuma lafiya lau, ta yadda mota ke rage gudun mita 7 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, direba kuma ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ya taka. Ga abin da lissafi ya bayar:

Gudun 30: tunani mita 8, birki mita 5, jimilla mita 13.
Gudun 50: tunani mita 14, birki mita 14, jimilla mita 28.
Gudun 100: tunani mita 28, birki mita 55, jimilla mita 83.

Mita 83 ta kusa kai tsawon filin ƙwallo. Yanzu a ce yaro ya faɗo titi mita 14 a gaban mota. Mai gudun 30 zai tsaya kafin ya kai gare shi. Mai gudun 50 kuwa zai iske yaron daidai lokacin da ƙafarsa ke sauka kan birki, wato zai buge shi da cikakken gudunsa. Wannan ne dalilin da masana ke ba da shawarar kada a wuce gudun 30 a gaban makarantu da kasuwanni, ko da yake dokar hanya ta Najeriya ta yarje wa ƙananan motoci gudun 50 a cikin gari.

Taya da hanya

Birki yana tsayar da taya ne, amma riƙon da ke tsakanin taya da ƙasa shi ke tsayar da mota. Da damina ruwa yana shiga tsakanin taya da kwalta, riƙon ya ragu, sai mita 14 ta birki ta koma sama da 20. Yashi, tsakuwa ko man da ya zube a hanya su ma haka suke yi. Zanen da ke jikin taya aikinsa korar ruwa, saboda haka suɗaɗɗiyar taya ta fi haɗari a jiƙaƙƙen titi. Motocin zamani da yawa suna da na'urar ABS, wadda ke saki tana kamawa da sauri don kada taya ta daskare, direba ya samu damar murza sitiyari yana birki. Amma ita ma ba ta iya soke lissafin da muka yi a sama.

Kada mu manta da na cikin motar. Tun a shekarar 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai wani ƙarfi ya tare shi. Birki motar yake tsayarwa, fasinja kuwa bel ne ke riƙe shi.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka tsallaka titi ka tsaya, ka duba hagu da dama, kada ka fito ta bayan motar da ke tsaye. Idan ka hango mota tafe, bar ta ta wuce. Ka kuma kai wannan lissafi gida, ka nuna wa Baba, Yaya ko mai Keke Napep ɗin da ke kawo ku makaranta.