Cin Abinci a Taro Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Cikin tiyatar da ake yi wa masu matsananciyar ƙiba akwai wadda likita ke ɗaure saman tumbi da zoben silikon, ya bar wata 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba. Loma kaɗan ce ke cika ta. In mutum ya yi gaggawa, ko ya haɗiye nama bai tauna ba, sai abincin ya maƙale, ga ciwon ƙirji ga amai.

Shi ya sa walima da biki ke yi wa mai zoben wuya, don mu dai ba ma son baƙo ya bar tuwo a kwano.

Idan kai ne, zuba abincinka da kanka a ƙaramin faranti. Fara da mai laushi kamar kifi, ƙwai ko alale. Kilishi, tsire da burodi su ne kan gaba wajen maƙalewa, lemo mai gas kuma yana kumbura ciki. Tauna sosai, ka ɗauki minti 20 zuwa 30 kana ci kana hira, ba wanda zai lura. Ruwa kuwa sai bayan kamar rabin awa. Aka matsa maka, ka ce, "Alhamdu lillahi, likita ne ya ce in rage." Ba ƙarya ka yi ba, ba ka kuma tona sirrinka ba. Amma in amai ya ƙi tsayawa, garzaya asibiti, don zoben kan goce.

Mu kuma abokai, in mutum ya ce ya ƙoshi, a bar "haba, ƙara mana". A ƙulle masa sauran a leda kawai.