Ciyawar da Ta Gagari Magani

'Yan'uwa manoma, musamman masu gonaki a cikin ganuwar Zariya da bakin hanyar Ƙofar Doka, mu lura da wannan. In muna fesa maganin ciyawa iri ɗaya kowace damina, ba duka ciyawar ke mutuwa ba. Ɗaya ko biyu masu taurin rai sukan tsira, su zubar da iri, baɗi 'ya'yansu su yawaita. Sai mu ce magani ya yi sanyi, alhali kuwa mu ne muka share masu fili. An ga irin wannan a Amurka tun 1968.

To, ina ruwan hayaƙi a ciki? Maganin nan Gramoxone, watau farakwat, ƙona ganye yake yi in rana ta haska shi. Gubar da ke cikin hayaƙin mota da janareta ma kusan haka take cin ganye. A 1988 masana a Isra'ila suka gwada wata ciyawa da ta gagari farakwat, suka tarar tana jure iska mai guba fiye da 'yan'uwanta. Garkuwa ɗaya ke tsare ta daga duka biyun. Ashe a gonar bakin titi, hayaƙin da ke wahalar da wakenmu ba lalle ya dame ta ba.

Don haka mu riƙa sauya magani, mu juya shuka. Wadda ta tsira bayan feshi, mu bi ta da fartanya tun ba ta yi fure ba. In ta yi yawa, a nuna wa malamin gona, ko a kai ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.