Cutar Gadon da Gwajin Kafin Aure Ba Ya Gani

Tun da Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, mutane da yawa suka ɗauka duk wanda takardarsa ta nuna AA ya tsira daga cutar gado. A cikin cututtukan gado, wannan gwajin jinin sikila kaɗai yake dubawa. Akwai wasu cututtukan da ake gada ta hanya irin ta sikila, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce ƙarancin sinadarin biotinidase, wadda Dakta Barry Wolf da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1983.

Da zarar an ce cutar ta shafi bitamin, sai dangin miji su juya kan uwa: ba ta cin abin kirki, nononta ba shi da kyau. Wannan zalunci ne. Kaɗan jiki yake buƙata daga bitamin ɗin, wanda ake kira biotin, domin yana sake amfani da wanda ya riga ya yi aiki. Dubi teburin mai shayi. Kofunansa ba su da yawa, amma yana sallamar layi guda saboda akwai yaro mai wankewa yana dawo da su. Ranar da yaron bai zo ba, ga shayi a tukunya, ga madara, ga kofuna jibge da datti, ciniki ya tsaya. Biotinidase shi ne yaron nan. Umarnin ƙera shi yana cikin ƙwayar gado mai suna BTD, kuma kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Sai duka biyun sun samu tangarɗa cutar ke bayyana, don haka rabon uba a ciki daidai yake da na uwa. Idan iyayen biyu suna ɗauke da ita, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara damar haɗuwarsu.

Tangarɗar ma iri-iri ce. Wata tana barin aikin sinadarin ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, wata tsakanin 10 da 30, wadda sau da yawa sai zazzaɓi ko wata jinya ta taso da ita. A mai tsananin, jariri ɗan watanni zai fara jijjiga, jikinsa ya saki, gashi ya zube, ƙuraje su feso. Nan ake cewa iska ce, a yi ta hayaƙi.

Cutar ba ta da yawa, kusan jariri ɗaya cikin 60,000. Maganinta kuwa ƙwayar biotin ce, miligiram 5 zuwa 10 kullum har tsawon rai, bisa umarnin likita. Yaron da aka fara ba shi tun kafin alamu su fito yana tashi lafiya lau. Wanda aka makara, jijjiga da ƙurajen sukan tafi, amma ji da ganin da suka lalace ba kasafai suke dawowa ba. Jihar Bajiniya ta Amurka ta fara gano cutar tun 1984 da ɗigon jini daga dugadugin jariri, gwajin da har yau yawancin asibitocinmu ba sa yi wa jariran da aka haifa a cikinsu.