Buzuzu, Gwazarma da Ƙwaron Doya: A Duba Kafin a Yi Feshi

Da zarar ruwan fari ya sauka a Fadan Kaje da Zonkwa da Kafanchan cikin watan Afrilu, sai ƙwari masu taurin baya su fito da dare suna dukan kwanon rufi, suna kewaya fitila. Gari na wayewa manomi ya sa fartanya ya tono wata farar tsutsa mai ƙiba, sai ya kama hanyar shagon maganin feshi. A ganina daga nan ɓarnar take farawa. Ƙwarin nan dangi ɗaya ne, amma ba sana'a ɗaya suke yi ba. Wani ɓarawon doya ne, wani kuwa ɗan ƙwadago ne mai gyara gona ba tare da an biya shi ba, guba kuma ba ta tambayar wane ne wane.

Masana suna kiran dangin Scarabaeidae, kuma sun rubuta sama da iri 30,000 a duniya. Har gobe ana ƙara gano sababbi. A 2017 wasu masana biyu, François Génier da Philippe Moretto, suka sake duba wani buzuzun Afirka da aka daɗe ana kira Digitonthophagus gazella, sai suka tarar an cuɗanya iri da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. Suka ƙirga iri 16 a zuriyar, 12 daga ciki sababbi, har aka raɗa wa ɗaya suna sahelicus saboda yankin Sahel. Idan masu madubin ƙara girma sun yi shekaru suna ruɗewa, babu abin kunya ga manomi. Sai dai bambancin da manomi yake buƙata, ido zalla yana ganinsa.

Ka kama ƙwaron ka juya shi a tafin hannu. 'Yan tsinkaye biyun da ke kansa, waɗanda yake shinshina da su, suna ƙarewa da ganyayyaki da ke buɗewa kamar mafici. Ƙafafunsa na gaba masu faɗi ne da haƙora, na tona ƙasa. Wannan ce alamar dangin duka.

Buzuzu gajere ne, dunƙulalle, goshinsa mai faɗi da kaifi a gaba don ture ƙasa. Wanda yara suka sani shi ne mai mirgina ƙwallon kashi da ƙafafun baya. Amma mafi yawan aikin, ƙanana ne suke yinsa a ɓoye. Irin su gazella ba su wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba, kai da ƙeya masu duhu da ɗan ƙyallin tagulla, fikafikai ruwan ƙasa mai haske, namijin da ƙahoni biyu lanƙwasassu. Ka ɗaga kashin saniya na kwana ɗaya ko biyu a damina, za ka ga ramuka a ƙarƙashi da 'yar sabuwar ƙasa a gefe. Su ne suka ja kashin ciki suka yi ƙwai a kai. Da haka taki yake isa ga saiwa, ruwa yake samun hanyar nutsewa, ƙuda da tsutsar cikin dabbobi kuma suna rasa wurin hayayyafa. Buzuzu ba ya cin saiwa, ba ya cin doya. Ƙasar Ostareliya da aka kai wa shanu ba tare da irin wannan ƙwaro ba, kashi ya rufe mata makiyaya, ƙuda ya hana mutane sakat, sai da ta kashe kuɗi daga 1965 zuwa 1985 tana shigo da buzuzu, da yawa daga Afirka. Abin da muke takewa da ƙafa ke nan.

Ƙwaron doya, wanda ake kira Heteroligus meles, daban yake. Dogo ne mai kauri, santimita biyu zuwa uku, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, yana sheƙi, da 'yan ƙululai biyu a ka. Da rani yana hayayyafa a ƙasa mai dausayi, bakin rafi da fadama. Ruwa na sauka sai manyan su tashi da dare su nufi gonakin doya, su nutse cikin kunya su yi ta ƙwaƙule doyar. Ba za ka ga komai a ganye ba. Sai ran tono ka ga zagayayyun ramuka a jikin doya, mai saye ya karya farashi, ruɓa kuma ta samu ƙofa. Wajen Oktoba da Nuwamba sukan koma fadama su yi ƙwai. Shi ya sa gonar da ke kusa da rafi ta fi shan wahala. Mai irin wannan gona, in yana da wata a tudu, ya kai doyarsa can. Jinkirta shuka har guguwar ƙwarin ta wuce yana rage ɓarna, amma doyar ba za ta yi girma sosai ba, sai mutum ya auna da kansa. Fitila a kan bahon ruwa da ɗan omo a ciki tana kama wasu, tana kuma nuna maka sun iso.

Sai gwazarma, farar tsutsar nan da fartanya take tonowa. Duk 'ya'yan dangin haka suke: fari tas, a lanƙwashe kai na neman taɓa gindi, kan ja-ja-ja mai tauri, ƙafa shida a gaba, ƙarshen jiki mai duhu. Inda ka same ta shi ne shaida ta farko. Wadda ke cikin juji ko tarin taki ruɓaɓɓen abu take ci. Wadda ka tono a gindin gyaɗa ko masara da ta yi yaushi ba dalili, ka ja shukar ta fito salin-alin ba saiwa, wannan ce mai laifi. Ajiye ta a kan ƙasa mai santsi ka jira. In ta miƙe tana tafiya da baya, ƙafafu a sama, 'yar ƙwaron fure ce, ba ruwanta da saiwa. Sai dai uwarta, irin Pachnoda mai baƙi da ɗigon rawaya, takan sauka kan zangarniyar dawa lokacin da ƙwaya take da nono. Wannan ana yaudararta da ruɓaɓɓiyar ayaba ko dusar burkutu a cikin bokiti mai ruwa. Taki kuma a bar shi ya ruɓe sarai, a baje shi a rana kaji su tsince kafin a kai gona.

Maganar guba ita ce mai ban tsoro. Garin aldirin da iyayenmu suka riƙa barbaɗa wa irin doya an haramta shi a yarjejeniyar Stockholm ta 2001, domin yana daɗewa a ƙasa, yana taruwa a jikin mutum. Duk garin da aka auna maka a leda babu suna, babu lambar NAFDAC, kada ka kai shi kusa da abin da za a ci. Ota-fiya-fiya ma ba ta da hurumi a kunyar doya. Kuma ba kowace ruɓa ce aikin ƙwaro ba. Annobar da ta cinye citta a Kaciya da Jaba da Kagarko da Zangon Kataf a daminar 2023 cutar fumfuna ce, maganin ƙwari ba ya taɓa ta ko an zuba galan guda.

Makiyaya na Ladduga da na rugagen kewaye su ma da nasu. Allurar tsutsa mai sinadarin aibamektin tana fita ta kashin saniya da ƙarfinta, tana kashe 'ya'yan buzuzu. Ba a ce a daina ba, amma yi wa garke duka allura da farkon damina ba tare da shawarar malamin dabbobi ba, asara biyu ce.

In ka ga ƙwaron da ba ka gane ba yana ɓarna, ka kama uku ko huɗu ka sa a kwalba mai murfi da sifirit, ka rubuta gari da rana da shukar da ka same shi a kai. Ka nuna wa malamin gona na shiyyar Samarun Kataf, ko Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan. In ya gagare su, akwai ɗakin adana ƙwari a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, inda ake kwatanta shi da waɗanda aka riga aka tara.