Ƙugin Amfilifaya a Gida: Inda Yake Fitowa da Yadda Ake Gano Shi

A gidaje da dama, da zarar an kunna amfilifaya, tun kafin a sa waƙa ko karatu ko labarai, sai a ji wani ƙugi mai kauri yana fita daga lasifika. Ba ya hawa, ba ya sauka, kamar na taransifomar unguwa idan mutum ya tsaya kusa da ita da dare. Wasu sukan haƙura har kunnensu ya saba da shi. Wasu kuma sukan ɗauka tsufa ne ya kama na'urar, su kai ta wurin mai gyara, a canza wannan a canza wancan, a dawo da ita gida, ana jonawa ƙugin ya dawo. Dalili kuwa shi ne sau da yawa laifin ba a cikin amfilifayar yake ba, yana cikin yadda aka haɗa ta da sauran kayan wuta na ɗakin.

Ƙugin nan muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar da ake rabawa a Najeriya mai kai-komo ce, tana zagaye 50 a kowace daƙiƙa a kan ƙarfin bolt 230, shi ya sa ake ganin an rubuta 50Hz a bayan kayan wuta. Duk abin da ke motsi sau 50 a daƙiƙa, kunnen ɗan Adam yana jin sa a matsayin sauti mai kauri. Aikin amfilifaya kuwa shi ne ta karɓi ƙaramar siginar da ke zuwa daga dikoda ko kwamfuta ko waya, ta ninka ta har ta iya motsa lasifika. Ba ta tantance abin da aka ba ta. Idan ɗan ɓurɓushin wutar gida ya sulale ya shiga hanyar da sauti ke bi, za ta ninka shi kamar yadda take ninka muryar mawaƙi. Wanda ya taɓa ɗora yatsa a kan tsinin wayar sauti yayin da amfilifaya ke kunne ya san haka, domin nan take lasifika ke ɗaukar ƙugi. Jikin mutum ne ya kwaso wutar da ke yawo a kewayen wayoyin ɗakin ya miƙa wa na'urar.

Ba kowace ƙara ce ƙugi ba, kuma rarrabe su yana rage wahala. Sautin "shuuu" mai kama da zubar yashi daga cikin kayan na'urar yake fitowa, kaɗan daga cikinsa ba ya rasuwa a kowace amfilifaya. Tsuwwar da ke tashi idan makirufo ya fuskanci lasifika wata matsala ce dabam, maganinta a raba su ko a rage murya. Akwai kuma "dit-dit-dit" ɗin da akan ji gab da kira zai shigo wayar salula da aka ajiye kusa, wanda ke faruwa saboda wayar GSM tana aika saƙonta a gutsuttsure, sau 217 a daƙiƙa. Wannan ɗauke wayar kawai ya isa. Abin da ake magana a kansa a nan shi ne ƙugi mai ɗorewa, da ɗan'uwansa mai kaushi, mai "zzzz" kamar na ƙudan zuma.

Tambayar farko da ya kamata mai gida ya amsa ita ce: daga lasifika sautin ke fita, ko daga akwatin amfilifayar kansa? Kunne kaɗai ya isa ya raba gardama. Idan akwatin ne ke ƙugi, har a ji yana ɗan rawa idan an dafa shi, to taransifomar cikinsa ce. An yi cikinta da siraran fallayen ƙarfe da aka jera aka matse, kuma ƙarfen yana ɗan miƙewa yana tsukewa duk lokacin da wuta ta juya. Idan matsin ya saki, ko kusoshin da suka riƙe taransifomar suka yi sako-sako, sai akwatin ya zama ganga. Teburin katako mai rami a ciki yana ƙara kambama shi. Ɗaure kusoshi da ɗora na'urar a kan roba sukan rage shi sosai.

Idan kuwa daga lasifika ne, sai a bi hanyar cire-cire, wadda ba ta cin ko sisi. A kashe amfilifaya, a zare dukkan wayoyin da ke kawo mata sauti, a bar mata wayar wuta da ta lasifika kawai, a rage murya, sannan a kunna. Idan aka ji shiru, to amfilifayar lafiyarta lau, kai ta wurin mai gyara ɓata kuɗi ne. Daga nan sai a riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ana kashewa kafin kowane jone, har a zo kan wadda ƙugin zai dawo da ita. A nan ne haƙuri ke da rana, domin mai gaggawa yakan mayar da wayoyi uku a lokaci guda, ya rasa wacce ce mai laifin.

Wani lokaci wayar ce kawai ta lalace. Wayar sauti, irin mai kai ja da fari, tana da silin tsakiya da ke ɗauke da sigina, da ragar ƙarfe da ta kewaye shi tana kare shi. Idan ragar ta tsinke a wuyan fulogi, ko bakin ya yi tsatsa, ko ƙurar hunturu ta cushe ramin, kariyar ta tafi. Alamarsa ita ce ƙugin yakan tsaya a lasifika ɗaya, kuma yana sauyawa idan an motsa wayar. Haka nan idan aka ɗaure wayar sauti da ta wuta a dami ɗaya don ɗaki ya yi kyau, ta sautin za ta kwashi ƙugi daga maƙwabciyarta. Gara a nisanta su, in kuma dole sai sun haɗu, su gitta juna maimakon su jera.

Sai dai babban mai laifi, wanda ya fi rikita mutane, shi ne abin da masana ke kira zoben wayar ƙasa. Kowace na'ura mai fulogi mai ƙafa uku tana haɗe da wayar ƙasa ta gidan. A ce an jona amfilifaya a soket ɗin wannan bango, kwamfuta kuma a na wancan bango, sannan aka haɗa su da wayar sauti. Yanzu na'urorin biyu suna haɗe ta hanya biyu, ta cikin bango da kuma ta ragar wayar sauti, wato an ƙulla zobe. A ƙa'ida ƙasar soket biyun ɗaya ce, amma a zahiri akan samu ɗan bambanci tsakaninsu, wanda sau da yawa bai kai ko bolt ɗaya ba. Wannan ɗan bambancin ya isa ya tura wuta ta bi ta ragar wayar sauti, amfilifaya kuma ta ɗauke ta a matsayin sigina. Shi ya sa na'ura ke yin shiru a shagon mai gyara, inda ita kaɗai aka jona, ta dawo gida ta ci gaba da ƙugi.

Wayar dish ɗin tauraron ɗan Adam tana yawan shiga wannan lissafi, domin daga rufin gida take saukowa, ta shiga dikoda, dikoda ta haɗu da talabijin, talabijin ya haɗu da amfilifaya. Idan aka kwance ta daga bayan dikoda ƙugin ya ɗauke, an gano bakin zaren. Gwajin kwamfutar tafi-da-gidanka ya fi sauƙi: a zare cajarta a bar ta a kan batir. Idan aka ji shiru, ta cajar matsalar ke shigowa.

Magani mafi arha shi ne a tara duk kayan sautin a ekistenshan guda mai kyau, mai wayar ƙasa ta gaske, a jona shi a soket ɗaya. Kalmar "ta gaske" tana da muhimmanci, domin akwai masu ramuka uku a fuska amma sili biyu ne kawai a cikin wayarsu. Idan talabijin da amfilifaya suna da ramin wayar haske, wadda ake kira Toslink, a yi amfani da ita, tunda haske ne ke ɗaukar sautin, babu ƙarfen da zai ƙulla zobe. Akwai kuma ƙaramar na'urar rabewa, mai ɗauke da 'yan ƙananan taransifomomi, da ake sawa a tsakiyar wayar sauti, ta bar sauti ya wuce ta katse zoben. Marasa inganci daga cikinsu sukan rage kaurin sauti, amma ba su da haɗari. Inda tazara ke da tsawo, kamar a masallaci ko coci ko zauren taro, waya mai baki uku irin ta makirufo, wato XLR, ta fi dacewa, saboda an tsara ta ne don ta soke irin wannan ƙugi.

Akwai wani magani da ya yaɗu, wanda kuma yana aiki, kuma aikin da yake yi ne ya sa ya zama abin tsoro: karya ƙafar sama ta fulogi, ko kwance wayar ƙasa daga cikinsa. Zoben yakan katse, ƙugin ya tafi. Amma wannan ƙafa, wadda aka yi ta fi sauran biyun tsawo domin ta riga su shiga kuma ta zama ta ƙarshen fita, ba don ado take ba. Ita ke haɗa akwatin ƙarfen amfilifaya da ƙasa. Ranar da waya mai wuta ta goge a ciki ta taɓa akwatin, ta wannan hanya wutar za ta gudu, fis ya ƙone, wuta ta yanke. Idan an cire ta, akwatin zai zauna da bolt 230 a jikinsa, waƙa tana tashi, ba wata alama, har sai wani ya dafa shi. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya rikita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji. A gidan da ake tafiya ba takalmi a kan siminti, yara kuma suna wasa kusa da kayan kallo, wannan shi ne neman gira a rasa ido. Haɗarin bai tsaya a akwatin ba, domin ragar wayar sauti za ta iya kai wutar zuwa makirufon da ke hannun wani. Haka ma tura tsiraran wayoyi cikin soket a danne su da tsinken ashana, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Na'urorin da masana'anta suka yi da ƙafa biyu tun asali, masu alamar murabba'i a cikin murabba'i a bayansu, su dabam ne, an ninka musu kariya a ciki.

Wani lokaci ƙugin yana faɗin wani abu ne game da gidan kansa. Idan yana raguwa duk lokacin da aka dafa akwatin, ko kuma ana jin ɗan tsikari a bayan hannu idan an shafi ƙarfen, akwai yiwuwar soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, ko sandar da aka binne ta ruɓe, ko ƙasar da ke kewaye da ita ta bushe ƙamas da rani. Wannan ba aikin mai gyaran rediyo ba ne, na ƙwararren mai aikin wutar gida ne, wanda zai auna da na'ura. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ingancin aikin wuta da ba masu yin sa takardar shaida, don haka ba laifi ba ne mai gida ya nemi ganin takardar kafin ya ba da aiki.

To idan an zare duk wayoyin sauti amma ƙugin yana nan a lasifika biyun daidai wa daida, kuma murɗa maɓallin murya ba ya ƙara shi ko rage shi? A nan zargi ya koma cikin amfilifaya, musamman kan manyan kafasitocin da ke tace wuta. Bayan an mayar da wutar gida mai bin hanya ɗaya, takan fito da tudu da kwari sau 100 a daƙiƙa, kafasitocin ne ke cike kwarin. Akwai ruwan sinadari a cikinsu, wanda zafi ke busarwa a hankali. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarsu. A garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40, amfilifayar da aka cusa cikin kabad, aka ɗora mata dikoda a ka, aka kuma lulluɓe ta da kyalle saboda ƙura, ba za ta daɗe ba. Ƙugin kafasita ya ɗan fi na zoben ƙasa siranta, kuma sau da yawa akan tarar kansu ya kumbura ko sun yi yoyo. Canza su ba shi da tsada, amma ba aikin mai gida ba ne, domin suna riƙe caji bayan an zare fulogi, a amfilifaya mai kwalabe kuwa cajin yakan kai ɗaruruwan bolt. Abin da ya kamata a nema wurin mai gyara shi ne ya sa masu girman awo ɗaya da na asali, masu jure bolt daidai da nasu ko fiye, kuma masu lambar digiri 105 maimakon 85.

Kayan gwanjo suna da tasu matsalar. Amfilifayar da aka yi don Amurka tana neman bolt 120 da zagaye 60, ta Japan kuma bolt 100. Taransifomar rage wuta tana gyara bolt, amma ba ta sauya yawan zagaye, kuma taransifomar da aka naɗa don 60 takan fi zafi da ƙugi a kan 50. Ita ma ta rage wutar, da sitabilaiza, idan aka ajiye su a gefen amfilifaya ko a kanta, suna iya cusa mata ƙugi ta iska. Matsar da su taku biyu yakan wadatar.

Idan kuma ƙarar ba ta zuwa sai an koma kan janareta ko inbata, tushen wutar ne. Ƙaramin janareta yana ba da zagaye 50 ne kawai idan injinsa na juyawa sau 3,000 a minti, shi ya sa muryar ƙugin ke sauyawa idan firji ya tashi. Inbata mai arha kuwa wutarta a tsattsaye take fita, hawa-hawa kamar matakala, kuma kaifin matakalar ne ke zama "zzzz" a lasifika. Regiletar fanka ta zamani da wasu ƙwayayen fitila marasa inganci su ma suna haddasa irinsa, kuma kashe su ɗaya bayan ɗaya zai nuna wanne ne. Na inbata dai babu wayar da za a canza ya tafi, sai an samu mai fitar da wuta sumul irin ta layin gwamnati.