Ƙofar Na'isa: Wa Ya Isa?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san Ƙofar Na'isa, amma in ka tambayi dattawa asalin sunan, kowa da irin labarin da zai ba ka. Galibi za su ce wani sarki ne, ko ɗan sarki, ya tsaya a wurin ya bugi ƙirji ya ce "na isa", sunan ya bi ƙofar. Wane sarki ne? A nan ake rabuwa.

Wannan tsohuwar ɗabi'ar Kanawa ce game da ƙofofinsu. Kabuga, a ce daga "ka buga" ne. Dukawuya, a ce "duka wuya". Kunne ke fara yanka sunan gida biyu, sannan labari ya biyo baya ya zauna daram, kaka ta ba jika. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo kuwa babu mai gardama a kansu, domin na baya-bayan nan ne.

A ganina akwai wata hanyar da ta cancanci a duba. Bahaushe ya saba liƙa "na" a gaban suna, kamar Na'Allah, ko Muhammadu Nazaki, wanda shi kansa ya sarauci Kano. Me zai hana Na'isa ya zama "na Isa", wani mutum da ya tsare ƙofar ko ya zauna a gefenta? Ai ga Ɗan Agundi da Wambai, ƙofofin da suka ɗauki sunan mutum da na sarauta.

Ganuwar da waɗannan ƙofofi ke jikinta tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, a ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, sarautar da akan gada a gida ɗaya. A da, shi ke rufewa in rana ta faɗi, shi ke buɗewa da asuba. Falken da dare ya riska a hanya sai ya sauke kayansa a bayan gari ya jira wayewar gari. Irin waɗannan gidaje su ne ma'ajiyar tarihin ƙofofin.

A 2010 aka rushe tsohon ginin ƙasa na Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye shi da na siminti. Abin da ya rage na asali shi ne sunan. Ɗaliban tarihi, ku je gidajen sarakunan ƙofa ku naɗi maganar tsofaffinsu tun suna raye.