Zanin Gado: Mai Roba Ko Marar Roba?

Duk farkon zango iyayenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum sukan shiga kasuwa sayen kayan komawa makarantar kwana. Haka kuma uwa mai aurar da ɗiya takan tafi Gusau ko Sakkwato, wata ma har Kantin Kwari a Kano, don haɗa kayan ɗaki. Cikin abubuwan da ake saye har da zanin gado, wanda yake iri biyu ne. Ya kamata mu san bambancinsu tun kafin kuɗi ya bar aljihu.

Na farko shi ne marar roba, watau yadi ne falle guda da aka kalmashe bakinsa. Ana shimfiɗa shi, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Na biyu shi ne mai roba, wanda aka ɗinke kusurwoyinsa huɗu kamar aljihu don ya kama katifa tam. Wata mace a Amurka mai suna Bertha Berman ta yi rajistar wani samfurinsa a shekarar 1959.

Amfanin mai roba a fili yake. Ba ya zamewa, ko da mai barci ya kwana yana juyi. Ya dace da gadon ƙananan yara da na marar lafiya, da katifar da aka sa wa leda, domin leda santsi gare ta. Ɗalibi kuwa, ranar duba ɗakuna, nan da nan zai gyara gadonsa. Amma yana da aibi. Idan bai yi daidai da katifa ba, to, an yi asara. Sa'an nan zafin rana da na dutsen guga suna kashe roba, ta saki. Tattarar da ke bakinsa kuma mafaka ce ga kuɗin cizo.

Marar roba kuwa ba ya zaɓen katifa. Ana shimfiɗa shi a kan tabarma lokacin bazara da ake kwana a tsakar gida, a lulluɓa da shi lokacin hunturu. Yana da sauƙin wanki da guga da ninkewa, kuma kowane tela zai iya ɗinka shi. Aibinsa ɗaya ne, yakan tattare idan ya yi kaɗan.

Saboda haka a auna katifa kafin a tafi kasuwa. Misali, katifa mai tsawon inci 72 da faɗin inci 30 da kaurin inci 4, idan za a cusa inci 6 a kowane gefe, tana bukatar zane mai tsawon inci 92 da faɗin inci 50. Yadi ɗaya inci 36 ne, ke nan tsawon ya ɗan ɗara yadi biyu da rabi. Mai sayen mai roba kuwa ya lura da kaurin katifa ƙwarai. A kuma zaɓi na auduga, domin yana tsotse gumi, saɓanin na leda mai ƙara zafi.

Wanki shi ne babban al'amari. Ƙazuwa da makero suna yaɗuwa ta hanyar aron zane. Ba mu kuma manta da shekarar 2010 ba, lokacin da ƙurar gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙura tana kwanciya a shimfiɗa, don haka a riƙa wanke zane kowane mako, a shanya shi a igiya, ba a ƙasa ba.

Shawarata ga iyaye ita ce, wanda ƙarfinsa na zane ɗaya ne ya sayi marar roba. Mai halin biyu ya haɗa duka, mai roba a ƙasa, marar roba na lulluɓa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya hore wa iyayenmu, amin.